Baro, Ƙauyen da Dogon Kano Ya Taso

Mu mutanen Kano mun ɗauka daga Ikko jirgin ƙasa ya zo mana. Haka muka taso muna ji, haka kuma taswira take nunawa: layi guda daga bakin teku, ya ratsa Ibadan da Ilori da Jebba, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya zo ya tsaya a bayan ganuwa. Amma dogon da ya fara isowa Kano a ƙarshen watan Maris na 1911 ba daga can aka faro shi ba. An faro shi ne daga wani ƙauyen Nufawa da ke gaɓar kogin Kwara, a ƙasar Agaie ta Jihar Neja ta yau, ana ce masa Baro. Dalar gyaɗa da kantunan Turawa da Sabon Gari duk bayan wannan dogo suka biyo, amma da wuya ka sami Bakano da ya taɓa taka garin. Wannan ne ya sa na ɗaura niyyar zuwa in gani da idona.

Daga Minna na kama hanyar Bida. Mai son ya bi sawun tsohon layin ba zai sha wahalar nemansa ba, don ba ya nisa da hanyar mota sosai. A wajen Kataeregi za ka fara cin karo da shi, ƙarfe biyu sun yi ja saboda tsatsa, ciyawa ta rufe su, a wasu wuraren ma gona ta matso har jikinsu. Daga Bida sai ka juya gabas, ka wuce Badeggi inda cibiyar binciken hatsi ta ƙasa take, fadamun shinkafa dama da hagu iya ganinka. A Agaie ake sauka daga babbar hanya a nufi kudu, ta Katcha. Daga nan tafiya ta zama ta haƙuri: nan kwalta, can jar ƙasa, gaba kuma rami. Direbanmu ya ce mu gode wa Allah da rani muka zo.

Katcha gari ne mai rai. Ran kasuwarsa kwale-kwale ke tahowa daga ƙauyukan bakin ruwa, har daga tsallaken Jihar Kogi, ɗauke da banda da shinkafa da doya da manja. Nufanci ake yi, amma da ciniki ya kankama sai ka ji an koma Hausa. Ita ma Katcha tasha ce a kan wannan layi, kamar Badeggi da Kataeregi, sai dai ita kasuwarta ta riƙe ta bayan jirgi ya daina zuwa. Baro ba ta yi wannan dace ba.

Da ka shiga Baro za ka gane abin da Bature ya hango. Tudu ne babba a bayan gari, kogi a gabansa, garin kuma ya matse a tsakani. A wurare da dama gaɓar Kwara laka ce da fadama, damina na yi ruwa ya shafe ta. A Baro kuwa gaɓar tana da ƙarfi, jirgi zai iya matsowa ya jingina a sauke kaya masu nauyi ba tare da ƙasa ta zabtare ba. Ga shi kuma wurin yana sama da Lokoja, wajen mil 400 daga teku, inda manyan jiragen ruwa ke iya kaiwa in kogi ya cika. Iyakar dalilin ke nan. Ba don yawan jama'a aka zaɓi Baro ba, ba don kasuwa ba, ba kuma don wani sarki ya roƙa ba. Masunta ne da manoman shinkafa ke zaman zamansu, aka wayi gari ƙauyensu ya shiga takardun Landan.

Asalin maganar gardama ce tsakanin gwamnoni biyu. Lugga, wanda ya mulki Arewa daga 1900 zuwa 1906, so yake Arewa ta sami ƙofarta ta kanta: a ja dogo daga Kano zuwa bakin Kwara, daga nan ruwa ya ɗauki kaya zuwa teku, ba sai an bi ta hannun Ikko ba. Ya ma riga ya ɗana da ɗan ƙaramin layi daga Zungeru zuwa bakin kogin Kaduna. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, shi kuma ya dage cewa layin Ikko, wanda ya kai Ibadan tun 1901, shi ya kamata a miƙa har Kano, duk kayan Arewa su fita ta tasharsa. A bayan fage kuwa akwai masu masaƙun Lankasha ta Ingila, waɗanda suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suna neman inda za su sami auduga ba tare da dogaro da Amurka ba. An gaya musu Kano gari ne na masaƙa da marina, ƙasar Zazzau da Katsina kuma auduga kamar a banza. Winston Churchill, wanda lokacin yake ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, ya tsaya musu. A 1907 Landan ta raba gardamar ta hanyar da ba ta raba komai ba: a yi layin Baro zuwa Kano, a kuma ci gaba da miƙo na Ikko har ya zo ya haɗe da shi. Tun ran nan aka rubuta wa Baro abin da zai same ta, tun kafin a sari ƙasa.

Wanda aka turo ya gaji Lugga, Percy Girouard, mutumin Kanada ne, injiniyan soja, kuma saboda dogo aka zaɓo shi. Shi ne ya shimfiɗa wa Kitchener, jagoran sojojin Ingila, layin da ya ratsa hamada daga Wadi Halfa lokacin da Ingila ta je yaƙar daular Mahadi a Sudan. Ya zo da dabarar da ya saba da ita: a yi layi mai arha, a yi shi da sauri, ado ya biyo baya. Ba a ba kamfani kwangila ba. Ma'aikatar ayyuka ta Arewa ce ta yi aikin da kanta, ƙarƙashin shugabanta John Eaglesome, da kuɗin rance sama da fam miliyan ɗaya wanda gwamnatin Kudu ta ɗauki nauyinsa, don baitulmalin Arewa ba shi da wannan ƙarfi.

A nan ne labarin ya fi burge ni, ina tsaye a bakin ruwan ina kallon faɗinsa. Babu ƙusa guda ta wannan layi da aka ƙera a ƙasar nan. Dogo da taragai da ƙarafan gada da kawunan jirgi, duk daga Ingila aka kawo su ta teku zuwa bakin kogi wajen Forcados da Burutu, sannan a hauro da su Baro. Kwara kuwa ba kullum take ba da hanya ba. Daga wajen Agusta zuwa Oktoba take cika ta batse, sa'an nan ne babban jirgi zai iya haurowa. Da ruwa ya ja baya sai yashi ya fito, sai dai ƙananan jirage da kwale-kwalen Kede, Nufawan ruwa waɗanda sarkinsu Kuta yake zaune a Muregi. Saboda haka kayan aikin shekara guda cur sai an tattaro su cikin 'yan watannin nan, in an makara a jira baɗi. A wargaje ake kawo kan jirgi, a Baro ake harhaɗa shi, a hura masa wuta, ya yi kukansa na farko. Wasu daga cikin kawunan har sunayen sarakunan Arewa aka laƙaba musu. A 'yan shekarun nan Baro ce hedikwatar aikin gaba ɗaya, da sito-sito da ma'aikatar gyara da gidajen injiniyoyi, ga sauro da tsando suna yi wa kowa hidima ba bambanci.

An fara aiki gadan-gadan a farkon 1908. Layin ya bi kwarin kogin Gbako ya haura Minna, mil 111 daga Baro, sannan ya ƙetare kogin Kaduna a wurin da daga baya ya zama garin Kaduna, ya shiga Zariya, ya dire Kano. Mil 356 cikin shekara uku da 'yan watanni, ba katafila, ba tirela. Littattafan Turawa suna yabon wannan sauri, kuma abin yabo ne. Sai dai sun fi son ambaton sunan injiniya a kan na mai diga.

Diga da shebur da kwando ne suka yi layin nan, a hannun talakawan Nufe da Gbagyi da Zazzau da Kano. Ba su kawo kansu ba. Razdan ne ke gaya wa sarki adadin mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. A kai mutum ya yi makonni yana haƙa yana jido, a sallame shi, a kawo wasu. Ana biyansu lada da kuɗin ƙarfe, kuma wannan ma da manufa: a lokacin ne ake son raba mutane da wuri, a sa su biya haraji da kuɗin Bature. Wato abin da aka ba ka da dama a bakin dogo, shi za a karɓa da hagu ran haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ƙauyukan da ke kan hanya kuma an ɗora musu kawo hatsin ciyar da leburori, ko da damina ce ana tsakiyar noma. A 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gbagyi suka yi wa wata tawagar gwamnati kwanton ɓauna suka kashe jami'in Bature da ke jagorantarta, aka turo soja aka murƙushe su, kuma masana tarihi suna lissafa nauyin aikin dogo cikin abubuwan da suka tunzura yankin. Su kansu sarakunan ba duka ne abin ya kwanta musu a rai ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ta ƙasarsa layin ya ratsa kuma da hannunsa aka tara mutane, ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan aiki. Ɗalibin Hausa da ya karanta ta a aji ya kamata a gaya masa cewa bakin zaren yana Baro.

An buɗe layin ga jama'a a 1912, zamanin Sarkin Kano Abbas, shekara tara kacal bayan Turawa sun ci birnin. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, ko da bai san ta Baro ya biyo ba. Audugar da aka yi layin dominta ba ta zo yadda aka zata ba, don masaƙan Kano suna sayenta da tsadar da Bature ba zai iya biya ba. Gyaɗa ce ta zo. Fataken goro na Kano, waɗanda suka san kuɗi suka san ƙauye, suka karɓi jarin kamfanoni suka bazama, manoma kuma suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi: in farashi ya faɗi a ci abarta, ga harawa ta dabbobi. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Buhuna suka taru a tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Ayarin raƙuman da ke zuwa Tarabulus ya ja baya, goron Gwanja ya koma biyowa ta teku da dogo. Kuzar Jos ma ta sami hanya, bayan an ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa can tsakanin 1912 da 1914.

To, ina rabon Baro a cikin wannan? Kaɗan ne, kuma bai daɗe ba. Layin Ikko ya iso Jebba tun 1909, ya bi ta Zungeru ya haɗe da na Baro a Minna. A watan Oktoba na 1912 aka gama hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya. Abin da ya rage wa Baro na fifiko shi ne a Jebba sai an ɗora taragai a kan jirgin fito a ƙetare da su. Da aka gama gadar Jebba a 1916 wannan ma ya kau. Ɗan kasuwa zai loda gyaɗarsa a Kano ta sauka a Ikko, rani da damina, ba sauke-ɗora, ba jiran ruwa ya cika. Wa zai bi ta Baro? Minna, wadda ƙauyen Gbagyi ce a gindin dutse kafin zuwan dogo, ta zama mahaɗa, ta yi ta girma har ta zama babban birnin jiha. Layin da aka yi a matsayin uwa ya koma reshe, Egerton ya ci gardamarsa ba ya ma ƙasar.

Ba a ranar Baro ta mutu ba. Ta yi shekaru da dama tana aikin lokaci-lokaci. Kamfanonin da ke da jiragen ruwa a Kwara, irin su Kamfanin Neja wanda ya narke cikin UAC a 1929, da John Holt, sun ci gaba da sauko da wani kaso na gyaɗa da auduga ta nan, a loda a kai Burutu da Warri, a hauro da gishiri da kananzir da kayan kanti. Wani dattijo da na tarar a inuwar tsohon ginin tashar ya ga ƙarshen wannan zamani da idonsa. Na yi masa sallama, muka gaisa, ya matsa mini a kan benci.

Na ce, "Baba, jirgi na zo nema."

Ya yi dariya ya ce, "Ai ka makara, ɗana. Sai dai in nuna maka inda yake tsayawa."

Ya tashi da sandarsa ya zaga da ni. Ya nuna mini inda ake sayar da tikiti, da inda kan jirgi ke shan ruwa, da inda layi ya rabu ya gangara bakin kogi. Ya ce da can in jirgi ya shigo garin kan cika da 'yan dako, har daga ƙasar Hausa, mata suna sayar da kifi da shinkafa a bakin taragai, yaro kuma ba ya rasa kwabo. Ma'aikatan reluwe, in ji shi, su ne 'yan gayun gari, ga albashi ga gidan gwamnati. Ban tambaye shi shekarar da abin ya tsaya ba, don irin wannan tsayawa ba rana guda take yi ba. Jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, sannan ya koma sai an yi sa'a, har aka daina sauraren kukansa.

Dalilan kuwa sun taru sun yi wa garin rubdugu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse zirga-zirgar kogi zuwa teku, kamfanoni suka janye jiragensu, ba su dawo da ƙarfinsu na da ba. An gama dam ɗin Kainji a 1968, daga baya na Jebba da na Shiroro suka biyo, duk a sama da Baro, cikar kogi da janyewarsa suka koma hannun masu buɗe ƙofar ruwa. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar Kano, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, manyan motoci suka ƙwace dako daga hannun jirgi. Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta kai ga ba ta iya riƙe babban layi ma, balle reshen da ke ƙarewa a ƙauye.

Da la'asar na hau tudun da ke bayan gari, wanda ake kira Empire Hill. Hawan da ɗan wuya, amma ya biya. Kufan gidajen Turawa suna nan, wasu ba rufi, itatuwa sun tsiro a tsakar ɗaki. Daga can sama kana ganin kogin ya miƙe ya yi kwana, tsibiran yashi sun fito fari fat, masunta suna jefa birgi. Yaran da suka raka ni suka ce nan ne gidan Lugga, har wani ya ce a nan aka haɗe Kudu da Arewa. Na bar su da zancensu, don Zungeru da Lokoja ma kowacce tana da irin wannan da'awa. Abin da na sani shi ne lokacin da ake gina layin Lugga ba ya ƙasar, yana Hong Kong, sai 1912 ya dawo. Mun cika son rataya kowane tsohon gini a wuyan mutum guda, alhali tarihin Baro na gaskiya ya fi wannan tatsuniya daɗi, kuma ya fi ta amfani.

Daga kan tudun kuma kana hango sabuwar tashar jiragen ruwa. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya buɗe tashar, wadda aka kashe wa kusan naira biliyan 6, da dakalin sauke kaya da katafaren sito da na'urar ɗaga kwantena. Mutanen gari suka yi murna, 'yan kasuwar Arewa suka fara lissafin ranar da kayansu za su daina kwana a cunkoson Apapa. Na sauka na leƙa ta bakin shinge. Gini mai kyau, fili a share, babu jirgi, babu kwantena, babu ɗan dako. Shekaru sun shuɗe tana jiran kaya, kuma jaridu da majalisa sun sha magana a kai.

Ba na ganin laifin wanda ya ce a farfaɗo da Baro. Tunanin daidai ne, dakon ruwa ya fi na mota arha nesa ba kusa ba, kuma ba ƙaramar asara ba ce a ce ƙasa mai kogi kamar Kwara ta tattara shige da ficen kayanta a Ikko. Inda aka kuskure shi ne tsarin aikin. Turawan 1908, duk da zaluncin da suka tafka wajen tara leburori, sun san abu guda: tasha a Baro ba ta da ma'ana sai da dogo a bayanta da ruwa mai zurfi a gabanta, shi ya sa suka yi su tare. Mu kuwa mun gina tasha, muka bar dogon a cikin ciyawa, muka bar hanyar mota rabi da rabi, kogin da aka yashe kuma yashi yana komawa kowace damina in ba a bi shi da gyara ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai aiko da kwantenarsa inda ba ta da hanyar fita ba, komai kyan ginin.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar biliyoyi. Tsohon ginin tashar da kufan kan tudu suna lalacewa, ƙarfen dogo kuma abin sha'awar 'yan gwangwan ne a ko'ina cikin ƙasar nan. Rufin kwano da mai gadi da allo guda mai bayanin abin da ya faru a nan, har da ambaton talakawan da suka yi aikin diga, sun isa su sa malamin makaranta daga Bida ko Minna ko Kano ya kawo ɗalibansa. Gwamnatin Jihar Neja da masarautar Agaie za su iya wannan ba tare da jiran Abuja ba, kuma attajiran Kano, waɗanda arzikin kakanninsu ya biyo ta wannan layi, suna da hakkin sa hannu.

Wanda ke son zuwa ya bari sai bayan kaka, ya tashi daga Bida ko Agaie da sassafe, ya riƙe ruwan sha, ya kuma fara gaida dagaci kafin ya hau tudu. Ga masu mulki kuwa, kilomita 179 ne tsakanin Baro da Minna. A gyara su tukuna, kafin a sake tara jama'a a yanka ƙyalle a bakin kogin nan.